Ajiye Motar Gazuwal a Abijan Kafin Doguwar Tafiya

Motar da ke shan gazuwal takan lalace a ajiye kamar yadda take lalacewa a kan hanya, musamman a gari irin Abijan. 'Yan kasuwar Adjamé da mazauna Treichville da yawa sukan bar motocinsu wata ɗaya zuwa uku, wasu don aikin Hajji, wasu don ganin gida a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Kano. A can arewa, ƙura da rana ake ji wa motar da aka ajiye. A Abijan kuwa ruwa ne abin tsoro: na sama, na cikin iska, da wanda ke taruwa a cikin tanki ba a gani. Garin yana bakin teku, tafkin Ebrié ya ratsa shi, Treichville ma a kan tsibiri take. Babbar damina tana tsananta daga Mayu zuwa Yuli, ƙaramar kuma a Oktoba da Nuwamba, ga shi a 'yan shekarun nan Hajji da Babbar Sallah suna faɗowa daidai lokacin da ruwa ya fi ƙarfi.

Saboda haka wurin ajiya ake fara dubawa. Mahaɗar Indénié da ke Adjamé ta daɗe da yin suna wajen ambaliya, kuma ruwan da aka yi a watan Yunin 2018 ya kashe mutane kusan 20 a Abijan, ya tafi da motoci masu yawa. Kafin a zaɓi wuri, a dubi katangar da ke kusa: in akwai layin taɓo a jikinta, to ruwa yana kaiwa nan. Tudu mai daɓen siminti da rufi shi ya fi. Gindin mangwaro yana da inuwa, amma ganyensa yana toshe magudanar da ke ƙasan gilashin gaba, ruwa ya koma cikin mota. Bakin titi kuwa shi ne mafi muni, domin motar da ta yi ƙura, tayoyinta suka sace, ɓarawon batir da madubi ne ke fara lura da ita, sannan hukuma ta ɗauke ta a matsayin yasasshiya.

Sai tanki. Mutane da dama sukan bar shi kusan wayam, da tunanin bai kamata kuɗi su kwanta a cikin mota ba. Wannan tsimi yana jawo asara. Tankin da ba shi da mai cike yake da iska, iskar Abijan kuma ɗauke take da laima. Da dare in gari ya yi sanyi, laimar sai ta zama ɗigon ruwa a bangon tanki. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, kuma a iyakar da ruwan ya haɗu da mai ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, su bar wani baƙin kauri mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ranar da aka tayar da mota, wannan datti ne famfo zai fara zuƙa. In an yi sa'a, matatar mai ce kawai za ta toshe. In ba a yi ba, ruwan ya kai ga nozul. Injinan zamani suna tura mai da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000, ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani, tsatsa kaɗan ta isa ta kashe su, kuma kuɗin saiti guda ya ninka na cika tanki sau da yawa. Abin yi shi ne a cika tanki a gidan mai mai yawan ciniki, a guji man jarka na bakin hanya. Yawancin matatun gazuwal suna da ɗan murfi a ƙasa na zubar da ruwa. Bakanike ya kwance shi har sai tsantsar mai ya fito. Gazuwal mai kyau yana jure wata 6 zuwa shekara, amma zafi da laima suna rage wannan wa'adi.

Baƙin mai ma a juye shi kafin tafiya, kada a bari sai an dawo. Injin gazuwal yana zuba toka da tsami a cikin mansa, kuma tsohon mai in ya kwanta a kan ƙarfe yana cin sa a hankali. Lagireton da aka saba zuba wa ruwan famfo zalla a sauya masa da ruwan sanyaya inji, wanda ke hana tsatsa.

Batir shi ne abin da ya fi ba matafiya kunya. Injin gazuwal yana matse iska ninki 15 zuwa 20 kafin ya kama, ga hita da ke jan wuta, don haka batirin da zai iya tayar da motar fetur da ƙyar ba zai motsa wannan ba. Agogo, rediyo da na'urar tsaro suna shan wuta ko mota a kashe take, zafi kuma yana ƙara saurin zubewarta. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in ya daɗe ƙasa da 12.4 yakan fara mutuwar da caji ba ya gyarawa. A cire kan batir mai alamar ragi, ko a fitar da batirin dungurungum a kai wa mai caji ya riƙa duba shi wata-wata. Wasu motocin sukan nemi lambar rediyo bayan an mayar, sai a tanade ta.

Ba a jan birkin hannu ga motar da za ta daɗe, domin laima tana manne takalmin birki da ƙarfensa. A sa ta a giya, a tokare tayoyi da katako. A ƙara wa tayoyi iska kaɗan, kimanin rabin bar, kada su kwanta ta gefe guda.

Cikin mota a share shi tas, a shanya darduma ta bushe sarai. Ɓawon gyaɗa ko guntun burodi a ƙarƙashin kujera ya isa ya gayyato ɓera, kuma unguwar da ke kusa da kasuwa da kwata ba ta rasa shi. Ɓera in ya shiga, wayoyi yake ci, ya yi sheƙa a gidan matatar iska. Ana toshe bakin salansa da mashigar iska da soson ƙarfe, a rubuta takarda a ɗora a kan sitiyari don kada a manta a cire. Kwanon gawayi a ƙasan kujera yana tsotse laima, ya rage fumfuna. Tamfol ɗin roba da aka ɗaure har ƙasa kuwa gumi yake sa mota. Mayafin da iska ke ratsawa ya fi shi.

Akwai al'adar barin makulli wurin yaron gida ko maigadi, a ce ya riƙa tayar da mota kullum da safe ta ɗan yi ɗumi. Illar wannan ta fi amfaninta. Minti biyar a tsaye ba ya mayar wa batir wutar da aka ci wajen tayarwa, inji ba ya yin zafin da zai kore tururi, sai ruwa ya taru a salansa da cikin baƙin mai, toka kuma ta cushe matatar hayaƙi a motocin da ke da ita. In akwai amintaccen direba mai lasisi, ya fita da ita duk mako biyu ya yi tafiyar rabin awa a buɗaɗɗen titi da na'urar sanyi a kunne, kuma ba a cunkoson tashar Adjamé ba. In babu, a cire kan batir a bar ta ta huta.

Takardu ba sa jiran matafiyi. A duba ranar ƙarewar inshora da ta gwajin lafiyar mota na SICTA tun kafin a tashi, domin ɗan sanda ba zai karɓi uzurin tafiya ba.

Bayan dawowa, kafin a murɗa makulli, a leƙa ƙarƙashin mota ko wani abu ya zuba, a cire soson ƙarfe, a zare sandar gwajin mai. Mai da ya koma kalar madara, ko darduma mai taɓo, alama ce ruwa ya shiga. Irin wannan mota ba a tayar da ita ko sau ɗaya: ruwa ba ya matsuwa, kuma ɗan kaɗan a cikin silinda ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Janta ake yi zuwa gareji.