Ƙashin Bayan Jirgin Ruwa: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

Kafancan gari ne na jirgin ƙasa, ba shi da tashar jirgin ruwa. Duk da haka, busasshiyar cittar Kaciya, Jaba da Kagarko da ake sayarwa ƙasashen waje, ta tashoshi irin su Apapa a Ikko take fita. Saboda haka lafiyar jirgin ruwa ta shafi aljihun falken kudancin Kaduna, ita kuwa lafiyar jirgi daga ƙashin bayansa take farawa.

Ƙashin bayan jirgi dogon ƙarfe ne ko katako da ke shimfiɗe a tsakiyar gindinsa, tun daga goshi har wutsiya. A jikinsa ake kafa haƙarƙarin jirgin, shi ne kuma ke hana shi lanƙwasa ko karyewa idan igiyar ruwa ta ɗaga shi da kaya a ciki. Ranar da aka aza shi ita ake dubawa wajen sanin ƙa'idojin yarjejeniyar SOLAS ta 1974 da suka hau kan jirgin.

Iri-iri ne. Manyan jiragen dakon kaya suna amfani da shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe mai kauri, wanda ba ya ƙara wa jirgi nitso. Wasunsu suna da mai rami a ciki, inda ake bi da bututu. Ƙananan jirage kan yi amfani da sandar ƙarfe mai fitowa ƙasa, wadda ke kare gindi idan an taɓa yashi. Akwai kuma fikafikan da ake liƙawa a gefe biyu na gindin domin rage tangaɗi. Jirage masu tafiya da iska kuwa, nasu dogo ne mai nauyi, galibi da dalma ko ƙarfe, domin kada iska ta kifar da su.

A kogin Kwara lamarin ya sha bamban. Ruwa yakan janye da rani, don haka kwale-kwalen Yawuri da na tafkin Kainji masu shimfiɗaɗɗen gindi ne. Suna wuce wuri marar zurfi, amma in lodi ya yi yawa, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika su. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi da fasinjoji fiye da 150, jami'ai suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima.

Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, ita ke da alhakin rajistar jiragen kogi. Ya kamata duk mai ɗora kaya ya nemi ganin takardar rajistar jirgi, ya tambayi iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka, ya kuma yi wa kayansa inshora kafin a tashi.