Yaran Da Kasafin Kuɗin Ilmi Bai San Da Su Ba A Abuja

A kusan kowane ajin firamare na Abuja akwai yaron da ba ya iya zama wuri guda. Malam na bayani, shi yana leƙen taga. A ba shi aiki ya fara, bai kai rabi ba ya manta. A gida a ce ƙiriniya ce, a makaranta a ce taurin kai, maganin kuwa bulala. Likitoci suna kiran wannan hali ADHD, watau matsalar rashin natsuwa da kasa tsai da hankali, kuma binciken da aka yi a ƙasashen duniya ya nuna tana shafar kimanin yara 5 cikin 100. Ke nan ajin da ke da yara 60 ba zai rasa biyu ko uku ba.

Ba wai doka ta yi shiru ba ne. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe babi ga ilmin masu bukata ta musamman, kuma a shekarar ce aka kafa kwalejin horas da malamansu a Oyo. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe. A cikin wannan kuwa, kashi 2 cikin 100 kacal ke zuwa ga ilmi na musamman.

To, wannan ɗan abin ma ina yake tafiya? Galibi ga naƙasar da ido ke gani. Akwai makarantar kurame a Kuje, akwai ta makafi a Jabi, kuma babu mai ƙyashin abin da suke samu. Amma yaro mai rashin natsuwa yana cikin aji ɗaya da kowa, ba sanda, ba keke, don haka ba a lissafa shi.

Abin mamaki shi ne bukatarsa ba ta da tsada. A zaunar da shi gaba kusa da malam, a gutsuttsura masa aiki, a riƙa aikensa goge allo ko rabon littattafai don ya motsa jiki, a yaba masa nan take in ya yi daidai. Sai dai duk wannan yana bukatar malamin da aka horas, mai yara 35 kamar yadda manufar ilmi ta tanada, ba ninkinsu ba.

Malamin kuwa shi ma yana da nasa kuka. Ƙananan hukumomi shida na Abuja ne ke biyan albashin malaman firamare, kuma a 2025 malaman sun yi yajin aiki fiye da wata uku kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi a Maitama ko Wuse. Ɗan talaka a Kwali ko Abaji ya zauna gida, ya koma aji ya tarar ɗan abin da ya kama da ƙyar ya zube.