Na'urar Sikanin Ta Waya Da Hantar Karen Farauta: Ina Ma'aunin Namu?

Mai karatu, na'urar sikanin da a da sai an je babban asibiti ake ganinta, yau ta koma girman tocila, ana jona ta da waya. Kamfanin Butterfly na Amurka ya fara sayar da tasa a 2018 kan kimanin dala 2,000, daga baya ya fitar da ta likitocin dabbobi. A wuri kamar ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda mafarauta da makiyaya ke zirga-zirga da karnukansu daga Ka'oje da Illo har iyakar Benin ta Tsamiya, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Likita zai iya duba dabba a ruga, maimakon a ɗauke ta zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Yadda take aiki

Na'urar tana harba sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, sai ta saurari amsa-kuwwarsa. Manhajar tana lissafi a kan cewa sauti na gudun mita 1,540 a daƙiƙa ɗaya cikin nama, daga nan ta gane zurfin kowane abu, ta zana hoto a fuskar waya. Kafin a duba kare, akan hana shi abinci na awa 8 zuwa 12, a aske gashin cikinsa, a shafa man sikanin, saboda iska tana tare sautin.

Inda gizo ke saƙar

Hantar kare tana maƙale ne a ƙarƙashin haƙarƙari. Cututtukan da kaska ke yaɗawa, da ciwon zuciya, da ƙari, duk suna iya kumbura ta, wasu cututtukan kuma su motse ta. To amma kafin a ce hanta ta kumbura, dole a san girmanta a jikin lafiyayyen kare. Karnuka kuwa sun bambanta ƙwarai a girma da faɗin ƙirji, shi ya sa santimita kawai ba ta isa hujja. A hoton eksire, likitoci kan raba tsawon hanta da tsawon gaɓa ta 11 ta ƙashin bayan ƙirji, don karen ya zama ma'aunin kansa. Duk da haka, wani bincike a Koriya ta Kudu a 2013 ya nuna hantar ƙananan karnuka 'yan asalin Sin da ake kira Pekingese ta fi ta sauran gajarta, alhali lafiyarsu ƙalau.

Yawancin alƙaluman da ke littattafan likitanci a kan karnukan Turai da Amurka da Asiya aka tattara su. Karen farautarmu siriri ne, mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji. A auna shi da ma'aunin wani, ana iya ɗora lafiyayye a kan magani a banza, ko a sallami mara lafiya har ya mutu a hannun mai shi.

Aikin masu rubuta manhaja

Duk mai rubuta manhaja ya san dokar: shara ka zuba, shara za ka kwasa. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Manhaja ce mai aiki ba tare da intanet ba, wadda likita zai shigar da nauyin kare, shekarunsa, jinsinsa, zagayen ƙirjinsa da awon hantarsa, ta tura bayanan idan an samu sabis. Sharaɗin shi ne a fara tabbatar da lafiyar karen da gwajin jini, kuma likitan dabbobi ne zai riƙe na'urar.

Tsarin zai yi wa awaki da tumakin fadamar Neja amfani, inda tsutsar hanta ke shiga dabba ta ciyawar da dodon koɗi ya gurɓata. Na'ura dai kuɗi ke sayenta, amma ma'aunin dabbobin Kebbi, sai 'yan gida sun auna sun rubuta.