Wutar da Ke Ɓoye Cikin Ƙwayar Gyaɗa

Lambar kalori da kuke gani a bayan kwalin biskit, asalinta daga ƙona abinci ne a auna zafin da ya fitar. Na'urar wannan aiki sunanta kalorimita. Lavoisier da Laplace na Faransa sun ƙera tasu wajen 1782, suna auna ƙanƙarar da zafi ya narkar.

A nan Tibati, inda nake koyar da kimiyya, ruwa muke amfani da shi. Mukan zura gwangwanin madara cikin na tumatir babba, mu cusa audugar rimi a tsakani, mu zuba ruwa giram 100. Ma'aunin zafinmu ɗan ƙarfe ne a bakin waya, mai suna DS18B20, wanda ruwa ba ya shigarsa. Mun haɗa shi da allon Arduino, yana aika wa kwamfuta lamba kowace daƙiƙa, kuma kuskurensa bai wuce rabin digiri ba.

Sai ɗalibi ya soke ƙwayar gyaɗa a allura, ya kunna mata wuta, ya riƙe ta ƙarƙashin gwangwani. Tana ci tana tsartuwar mai, gindin gwangwani yana yin baƙi. Wani kuma yana motsa ruwan a hankali, don na sama ya fi na ƙasa zafi.

Lissafin ba wuya. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar zafi na jul 4.18 kafin ɗuminsa ya ƙaru da digiri ɗaya. In ruwan ya tashi da digiri 12, mun kama jul kusan 5,000. Amma gyaɗa rabin giram tana ɗauke da kusan jul 12,000. Ina sauran? Iska ta kwashe, gwangwani ya sha nasa, hayaƙi ya tafi da man da bai ƙone ba. Shi ya sa manyan ɗakunan bincike suke ƙona abincin cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai cike da iskar oksijin.

Yaranmu da dama 'ya'yan masu bandar kifin madatsar Mbakaou ne, kuma sun san tsadar itace. Nakan ce musu: in gwangwani ya yi asarar fiye da rabin wutarsa, ku lissafa wadda buɗaɗɗen murhun gidanku yake zubarwa, sannan ku zo mu gwada tare masa iska.