Lafiyar Baki da Haƙori Daga Goyon Ciki Zuwa Ƙuruciya

Haƙoran mutum suna fara samuwa tun yana cikin mahaifiyarsa. A wajen mako na shida da shigar ciki ake samun tushen haƙoran nono a muƙamuƙin ɗan tayi, daga wata na huɗu kuma su fara yin ƙwari. Jariri yana zuwa duniya da baki wayam a ido, amma haƙora 20 na kwance a ƙarƙashin dasashinsa suna jiran lokaci. Don haka abincin mai ciki, da magungunan da take sha, da halin da bakinta yake ciki, duk suna da hannu a irin haƙoran da yaro zai tashi da su.

Bakin mai ciki

Ciki yana ƙara yawan wasu sinadaran jiki, musamman firojestaron da istirojin. Waɗannan suna sa jini ya yawaita a dasashi, ya yi laushi, ya riƙa kumbura da ɗan dattin da a da ba ya damunsa. Daga wata na biyu ko na uku mace kan ga dasashinta ya yi ja, yana fitar da jini idan ta goge baki, abin ya fi tsananta a watannin ƙarshe. Fiye da rabin masu ciki suna gamuwa da wannan. Da yawa kan daina goge baki da zarar sun ga jini, suna ganin buroshin ne ya ji musu ciwo, alhali dattin da ya maƙale a gindin haƙori ne tushen kumburin. Maganinsa shi ne a ci gaba da gogewa sau biyu a rana, da buroshi mai taushi ko asuwakin da aka tauna kansa ya yi laushi sosai. Wasu matan kan sami wani ɗan tsiro ja a tsakanin haƙora, mai saurin zubar da jini. Ba ciwon daji ba ne, yawanci kuma yakan baje da kansa bayan haihuwa.

Laulayi ma yana da tasa ɓarnar. Amai yana hawo da ruwan ciki mai tsami zuwa baki, shi kuwa yana tausasa farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori. Wadda ta goge baki nan take bayan amai tana kankare wannan ɓawo ne, kuma ba ya sake tsirowa. Abin yi shi ne ta kurkure da ruwa, ko da ruwa kofi ɗaya da aka narkar da ƙaramin cokali na bekin soda a ciki, ta dakata kamar awa guda kafin ta goge. Ga kuma kwaɗayin ciki: lemon kwalba, alawa, tsamiya da sukari, ana yi ana ƙarawa daga safe har dare.

Akwai maganar da ta yaɗu a ƙasashe da yawa cewa kowane ciki yana tafiya da haƙori ɗaya, wai ɗan tayi yana zuƙe ƙarfin haƙoran uwa. Ba haka ba ne. Ɗan tayi yana samun sinadarin kalsiyam daga abincin uwa, idan bai isa ba jiki ya ɗebo daga ƙasusuwanta, amma ba daga haƙora ba. Haƙoran da mata ke rasawa a shekarun haihuwa ruɓewa da ciwon dasashi ne ke cinye su. Nono, kindirmo, wake, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu duk suna ba da kalsiyam, hasken rana kuma yana taimaka wa jiki ya samar da bitamin D da ke sa a amfana da shi.

Bincike ya sha nuna cewa mata masu tsananin ciwon dasashi sun fi haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi, ko da yake ba a tabbatar da cewa ciwon ne kai tsaye ke jawo hakan ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ciki ba ya hana zuwa wurin likitan haƙori. Wankin haƙori, da cike kogo, da cire wanda ya lalace, da allurar kashe zafi, har da ɗaukar hoto idan buƙata ta kama, duk ana yi wa mai ciki. Tsakanin wata na huɗu da na shida ya fi sauƙi, domin laulayi ya lafa, ciki kuma bai yi nauyin da zai hana ta kishingiɗa ba. Amma haƙorin da ya tara mugunya ba a ce masa ya jira haihuwa.

Haɗarin yana wurin shan magani da ka. Kafson tetarasaikilin, wanda ake samu a kowane kemis, yana shiga haƙoran ɗan tayi ya rina su rawaya ko toka-toka, rinin da babu abin da ke goge shi. Saboda haka ne ba a ba wa mai ciki, ba a kuma ba wa yaron da bai kai shekara 8 ba. Ibufurofen da daikulofenak ma ana guje musu, musamman idan ciki ya tsufa. Ya kamata mace ta faɗi damuwar bakinta a wurin awon ciki, ko da ba a tambaye ta ba.

Fitowar haƙori

Ana haihuwar jariri ba tare da ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da haƙori ba. Yana samunsu ne ta yawun manya, galibi na uwa ko mai raino: a tauna abinci a ba shi, a ɗanɗana kunu da cokalinsa, a lashe abin tsotso a mayar masa. Uwar da aka gyara wa ruɓaɓɓun haƙoranta tun tana da ciki ta rage yawan ƙwayoyin da za ta miƙa wa ɗanta.

Haƙorin farko yakan ɓullo a wajen wata shida, biyun gaba na ƙasa, sauran su biyo baya har su cika 20 kafin shekara uku. Wani yaron yakan riga wannan lokaci, wani ya kai shekara guda, duk ba matsala ba ce. Fitowar haƙori tana kawo dalala, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima, da ɗan ɗumin jiki. Ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo zawo mai tsanani ko amai. Abin da ke faruwa shi ne lokacin ya yi daidai da fara rarrafe da kai komai baki, da fara cin abinci, da raguwar kariyar da yaro ya samo daga jikin uwa. Kalmar "ai haƙori yake yi" ta sa an jinkirta kai yara da yawa asibiti alhali zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ke cinsu. Zawo a wannan lokaci zawo ne, ruwan gishiri da sukari yake buƙata da ganin ma'aikacin lafiya.

Magungunan haƙori na kwalba da na gari da ake sayarwa yawancinsu ba su da amfanin da ya kai haɗarinsu. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya hallaka yara aƙalla 84 a Najeriya, hukumar NAFDAC kuma ta kwashe shi daga kasuwa. Shafa dasashi da yatsa mai tsabta, ko ba yaro tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza, ya wadatar. Zuma kuwa ba a ba wa yaron da bai cika shekara ba.

Ruɓewar haƙoran nono

A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke da ruɓewa a haƙoran nono. Babu tsutsa a cikin lamarin kamar yadda wasu ke zato. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya rage a baki su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori, wanda a yara siriri ne. Yawan sau nawa aka sha zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa, mafi muni kuma shi ne kwantar da yaro da fida a baki mai shayi ko madara da sukari, domin yawu yana raguwa a lokacin barci. Alamar farko farin zane ne kamar na alli a gindin haƙoran gaba na sama. A wannan mataki ana iya tsayar da ɓarnar. Idan ya zama baƙi ya yi kogo sai dai aikin likita.

Iyaye kan ce ai zai yi famfara, wasu su fito. Gaskiya ne famfara tana farawa a wajen shekara 6, amma matauna na baya suna zama har shekara 11 ko 12. Da su yaro ke taunawa, da na gaba yake koyon furuci, kuma su ke tsare wa na dindindin gurbi. Idan ɗaya ya faɗi da wuri, maƙwabtansa su matso, sabon ya fito a karkace. Akwai kuma mataunin dindindin na farko da ke fitowa a can baya a shekara 6 ba tare da wani ya faɗi ba. Ana yawan ɗaukarsa na nono a ƙyale shi ya ruɓe.

Goge baki yana farawa ne ranar da haƙorin farko ya fito, safe da dare, da makilin mai sinadarin fuloraid: kwatankwacin ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara 3 ba, kwatankwacin ƙwayar wake daga 3 zuwa 6. A koya wa yaro ya tofar, kada ya haɗiye, babba kuma ya riƙa taya shi har wajen shekara 7. Yawan fuloraid shi ma yana da illa. A wuraren da ruwan ƙasa ya cika shi da yawa, irin su Langtang a Filato da Tibiri a jihar Maraɗi, yara kan tashi da haƙora masu dabbare-dabbaren ja, a Tibiri ma har ya taɓa ƙasusuwa. Masana sun fi son a fara nuna yaro ga likitan haƙori kafin ya wuce shekara ɗaya.

Cutar noma

Mafi munin abin da kan biyo bayan ciwon dasashi a ƙuruciya shi ne cutar noma. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi, wato dai shekarun da suka biyo bayan yaye. Tana farawa da gyambo a dasashi da warin baki mai ƙarfi, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta cinye nama har ƙashi. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma na rasuwa. A 1999 aka buɗe asibitin yara na musamman domin wannan cuta a Sakkwato, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Tun tana dasashi ana iya kashe ta da maganin ƙwayoyin cuta, da tsabtace baki, da abinci mai gina jiki. Yaron da ya rame, dasashinsa na jini, bakinsa na wari, a kai shi asibiti a ranar.