Kafin Ka Biya Kuɗin Zamiya a Kan Ƙanƙara

Wanda ya san karar Illela ranar Lahadi ya san ba a sayen sa don kyawun ƙaho. Dillali na ta zuba, mai saye kuwa sai ya kama bakin dabbar ya buɗe ya duba haƙora. Wannan ne ya faɗo mini a rai da wani matashin ɗan kasuwa, cikin masu zuwa saro kaya Istambul, ya miƙo mini wayarsa. Wani Bature ne ke gangarowa daga kan dutse fari fat, ƙafafunsa ɗaure a kan dogayen alluna biyu. Ya ce, "Malam, bana ni ma sai na yi wannan. Wane dutse ya fi suna?"

Sunan dutsen shi ne ƙahon. Chamonix ta Faransa, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, suna gare ta, amma abin da ya ba ta sunan gangare ne masu tsayi da ƙwararru ke nema. Mutumin da iyakar sanyin da ya sani shi ne na jaura, ya kwana gaban garwashi ya tashi da kaushi, bai da abin yi a can, ga kuma wahalar bizar Turai. Haƙoran da zai duba su ne makarantar koyo da yawan hanyoyi masu sauƙi. A taswirar kowane dutse ana fenta hanyoyin da launi, galibi kore da shuɗi na 'yan koyo, ja na wanda ƙafarsa ta zauna, baƙi na gwanaye. In ka ga taswira ta cika da ja da baƙi, naɗe ta.

Sai tsayin wurin, domin shi ke riƙe dusar ƙanƙara. Duk hawan mita 1,000 sanyi na ƙaruwa da kusan digiri shida. Dutsen zamiya mafi kusa da mu shi ne Oukaïmeden na Maroko, kimanin kilomita 75 daga Marakish, wanda ya fara daga mita 2,600 ya haura 3,200. Yana da arha, sai dai dusarsa kamar damina ce a ƙasar Ƙwanni: wata shekara a samu, wata shekara a yi ta kallon sama. Mutum na iya biyan jirgi a Janairu ya tarar da duwatsu tsirara da masu hayar alfadari. Saboda haka a tambaya ko wurin na da injinan da ke feso dusa idan sama ta hana. Da irinsu Afriski na ƙasar Lesoto ke rayuwa, kuma lokacinsa daga Yuni ne zuwa Agusta, sa'ad da mu muke tsakiyar noma.

Ni dai da za a bi ta tawa, Turkiyya zan nuna wa saurayin nan, tunda ƙafarsa ta riga ta san hanya. Akwai Uludağ a saman birnin Bursa, wanda 'yan Istambul ke cikawa a ƙarshen mako, akwai kuma Erciyes, kimanin kilomita 25 daga Kayseri. Ana iya kwana cikin gari, inda masauki ya fi sauƙi, a hau mota da safe. Ba ka tsaya tambayar wa ya yanka naman da ke gabanka, masallaci ma ba ya wuyar samu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yini a waje cikin sanyin da ke sa alwala ta zama jarrabawa. A duba kalanda kuma, don a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da dusa ta fi kyau.

Kuɗin da ake tallatawa ba shi ne kuɗin ba. Bayan masauki akwai tikitin lilon da ke hawa da mutane sama, da hayar takalma da alluna da hular kwano, da ladan malamin koyo. Uwa-uba inshorar da ta ambaci wannan wasa da sunansa, domin gwiwa ce ke fara tafiya, kuma a kan dutse ba mai ɗorin gargajiya da za a ruga wurinsa. Kada a manta da tabarau. Hasken rana da ke dawowa daga farar dusa na ƙona ido fiye da na watan Afrilu a Sakkwato.

Da na gama, sai ya tambaye ni ko akwai hanyar ɗanɗanawa kafin a saya. Akwai. A cikin babban kantin Mall of the Emirates a Dubai an buɗe Ski Dubai tun 2005, gangare ne cikin gini, ana ba da aron riga da takalma. Na ce ya ba shi awa biyu in hanya ta bi da shi Dubai, ya ƙirga sau nawa ya faɗi, sannan ya dawo mu yi maganar Kayseri.