Mdou Moctar: Jitar da Ta Tashi Daga Sakkwato

Kafin Amurka ta san sunansa, Sakkwato ce ta fara ɗaukar muryarsa. A can ne, a shekarar 2008, Mahamadou Souleymane, Buzun Nijar da aka fi sani da Mdou Moctar, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da salon waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba. Daga waya zuwa waya ya bi, kamar yadda masu tura waƙoƙi ke yi a Agege da Oshodi.

Gidansu ba su yi na'am da kiɗa ba, shi ya sa ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da katako da wayoyin birkin keke. Daga baya kiɗansa ya ƙara kaifi da tsawa, ya kusanci salon bijirewar da Turawa ke kira punk.

A kundayensa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, ya caccaki Faransa da shugabannin Afirka. Ƙorafinsa bai canja ba: ana kwashe yuraniyom daga Arlit, ƙauyukan Nijar kuwa na kwana cikin duhu. Juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da shi yana rangadi a Amurka, rufe iyakoki ya jinkirta komawarsa gida.